eFootball ko EA Sports FC: Wanne Zai Fi Yi Maka Rana?

Watan da ya wuce ɗan yayata ya fasa asusun da ya shekara yana tarawa daga gyaran waya, ya sayo PS4 na hannu da hannayen gem biyu. Da magariba ya shigo da shi a jakar makaranta, ya ajiye a gabana kamar wanda ya kawo kayan lefe, ya ce, "Kawu, FIFA zan sa ko PES?" Na ce masa ya zauna, domin amsar ba ta tsaye ba ce. Abu na farko ma, sunayen nan biyu da ya kira duk an yi musu ritaya, ko da yake a bakinmu ba za su mutu nan kusa ba.

Kamfanin EA na Amurka ya fara fitar da FIFA a 1993, ya yi ta fitarwa duk shekara har zuwa FIFA 23. A 2022 suka raba gari da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya a kan kuɗin amfani da sunanta, daga nan gem ɗin ya koma EA Sports FC. FC 24 ya fito a Satumbar 2023 da hoton Haaland, FC 25 ya biyo baya da Bellingham, sannan FC 26 a ranar 26 ga Satumbar 2025. Shi kuwa PES na kamfanin Konami ne na Japan, jikan Winning Eleven da manyanmu suka buga a PS1. Wanda ya yi zamanin PES 6 a gidan gem bai manta da ƙafar hagun Adriano ba, da gudun Obafemi Martins da babu ɗan bayan da ke cim masa. A ƙarshen Satumbar 2021 Konami ya ajiye sunan PES, ya fito da eFootball kyauta. Fitowar ta yi muni ƙwarai: fuskokin 'yan wasa a karkace, ƙwallo na tafiya kamar an jiƙa ta, har ya zama cikin gem ɗin da suka fi shan zagi a Steam, dandalin sayar da gem na kwamfuta. Sai a Afrilun 2022 aka yi masa babban gyaran da ya tashi kafaɗarsa. Da yawa daga cikin masu cewa eFootball ba gem ba ne, tun wancan lokacin suka ɗanɗana suka tofar, ba su sake komawa ba. Wanda ake bugawa yau ya yi nisa da wancan.

Bari in fara da abin da na fi damuwa da shi, wato yadda ƙwallo ke ji a hannu. A nan zuciyata na wajen eFootball, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙwallonsa na da nauyi. Idan ɗan wasanka ya juya wa abokinsa baya ka matsa fasin, za ta tafi a karkace ko ta yi rauni a tare ta, kamar dai yadda take a fili. Dole ka ɗaga kai, ka jira ɗan gaba ya motsa, ka saki a kan lokaci. Ranar da ka haɗa fasin huɗu a tsakiya ka tsaga 'yan baya da ta biyar, daɗin da za ka ji na wanda ya gina abu da hannunsa ne. Aibinsa kuma a fili yake: wani lokaci ka danna ɗan wasa ya yi jinkirin amsawa, 'yan baya su yi ta tare fasin da bai kamata su kai gare ta ba, rafali ya kau da kai daga ƙetar da ko makaho ya ji ƙararta. Tun 2024 kuma aka shigo da Smart Assist, wanda ke gyara wa sabon shiga ƙarfin fasin da bugunsa, abin da ya ɓata wa tsofaffin hannu rai matuƙa, don suna ganin an rage wa gwaninta daraja.

FC ya fi sauri da santsi. Ɗan wasa na juyawa nan take, yanka da gwaninta sun fi yawa, ana cin ƙwallaye da yawa, kuma yaro da bai taɓa riƙe hannun gem ba zai iya zura ɗaya a wasansa na biyu. Wannan ba abin rainawa ba ne, shi ya sa ɗaki ke cika da ihu idan ana buga shi. Sai dai saurin kan wuce gona da iri a wasan intanet, har ya koma tseren 'yan gefe: a jefa wa mai gudu, ya kai layi, ya dawo da ita baya, a buga. A FC 26 EA ya raba salon wasan gida biyu, Competitive mai sauri na karawar intanet, da Authentic mai natsuwa na wanda ke buga wa kansa. Na biyun ya matso kusa da abin da masoya PES ke nema. Amma mai PS4 ya sani cewa ba gem ɗaya yake bugawa da mai PS5 ba ko da suna ɗaya ne a kwali: fasahar motsin da suke kira HyperMotion ba ta cikin na PS4, kuma a intanet ba ya haɗuwa da 'yan PS5, sai 'yan'uwansa na PS4 da Xbox One.

Maganar sunaye da riguna kuwa ba ta da tsawo, FC ya yi fintinkau. Firimiya gaba ɗaya, La Liga, Bundesliga, Gasar Zakarun Turai da taken nan nata, tambura duk na gaske, filaye da yawa ma haka. A eFootball za ka samu Barcelona, Manchester United da Arsenal da kayansu, amma Liverpool, Chelsea, Manchester City da Real Madrid suna nan da sunayen aro da riguna na ƙirƙira, ko da yake 'yan wasan na gaske ne. Konami ya rama ta wani gefen, inda ya riƙe Inter da AC Milan shi kaɗai, har FC 25 ya kira su Lombardia FC da Milano FC. Idan kai ɗan Madrid ne na gani-kashe-ni, wanda ba zai iya ganin ƙungiyarsa da baƙon tambari ba, to ka riga ka san inda za ka. A FC ɗin ma akwai katin Jay-Jay Okocha da na Nwankwo Kanu cikin tsofaffin gwanaye, kuma tun FC 24 mata irin su Asisat Oshoala suka shiga Ultimate Team, sashen da kake haɗa ƙungiyarka da katunan 'yan wasa ka kara da mutane a intanet.

Yanzu kuɗi, inda mutane suka fi ruɗuwa. Sabon FC dala 70 ne a farashin kamfani ranar fitowarsa, ka juya ta zuwa naira ko sefa ka ga abin da ta zama. Ba a nan ya tsaya ba: a PlayStation ba za ka buga shi da kowa a intanet ba sai kana biyan PS Plus, kuɗin rajistar wasan intanet na Sony, kuma da yake Sony bai buɗe wa Nijeriya ko Nijar shagonsa a hukumance ba, yawancinmu da adireshin wata ƙasa muke buɗe asusu, mu sayi katin kuɗinta a hannun 'yan kasuwa da ribarsu a kai. Shekara na zagayowa kuma sabo ya fito, ƙungiyar da ka yi wata goma kana ginawa a Ultimate Team ta tsaya a tsohon, ka koma farko. eFootball kuwa saukewa kawai za ka yi, ba ya neman PS Plus, kuma 'yan wasan da ka tara suna bin ka daga shekara zuwa shekara.

To amma kyautar tana da ƙugiya a ciki. Duk mako ana fito da sababbin katunan Epic, Big Time da Show Time, tsofaffin taurari da na yanzu da aka ƙara wa ƙarfi fiye da kima. Ana zuba su cikin akwati mai 'yan wasa 150, kai kuma ka sayi coins, kuɗin cikin gem da ake saye da kuɗin gaske, ka yi ta ja, ko ka dace ko ka tashi da tarkace. Na ga saurayin da ya ja sau talatin a zaune ɗaya yana neman mutum guda, hannunsa na rawa, yana cewa saura ɗaya, saura ɗaya, bai samu ba. Kuɗin da ya tafi a daren ya isa ya sayi fefen FC na bara har da canji. FC ma haka yake da nasa fakitin katunan, sai dai shi yana da kasuwa a ciki: kana iya sayar da ɗan wasa ga wani, EA ya cire kashi 5 cikin 100, ka tara ka sayi wanda kake so kai tsaye. Mai haƙuri da kan ciniki zai iya haɗa ƙungiya mai kyau bai sa sisi ba, amma sai ya ba da lokacin da ya kai na ƙaramin aiki.

A ganina wannan ja-in-dace ɗin ƙanwar caca ce, ko da wane suna aka kira ta. Ba ni kaɗai ke ganin haka ba: hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke irin wannan hukunci a 2018, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da FIFA Points, kuɗin da ake buɗe fakitin da shi, a ƙasar. Iyaye da yayyen da ke barin katin banki a maƙale da asusun yaro, wannan ita ce ƙofar da ya kamata su fara rufewa, kafin ma a zo maganar awa nawa yake yi a gaban allo.

Sai abin da mai sharhin gem a Turai ba zai taɓa sa wa a lissafi ba: wuta da sabis. FC na fefe, idan ka sa shi ya shige, kana iya buga Kick Off (wasa ɗaya kai tsaye) da Career Mode (jagorancin ƙungiya kaka bayan kaka) wata da watanni ba ka taɓa data ba. Saukar da gyare-gyarensa ne ke cin gigabait masu yawa, kuma ba dole ba ne idan ba intanet za ka hau ba. eFootball an gina shi ne a kan intanet. Akwai ɗan wasan gwaji da za ka yi ba tare da ita ba, amma gundarin gem ɗin, wato Dream Team, takwaran Ultimate Team, ba ya buɗuwa sai da sabis, kuma duk safiyar Alhamis ana rufe shi na wasu awanni don gyara. Ga wanda ya taso da Master League na PES, ya ɗauki su Castolo da Minanda, 'yan wasan ƙirƙira da ake fara ba ka, daga ƙasa ya kai su kofi, rashin irin wannan a eFootball ciwo ne da bai warke ba. My League da aka kawo bai cike gurbin ba. Career Mode na FC ne ke ba ka damar sayen 'yan wasa, renon yara daga makarantar ƙungiya, da fuskantar kora idan ka gaza.

Idan kuma ka hau intanet ɗin, a duka biyun sabis ɗinka ne rabin gwanintarka. Ka danna bugu, ɗan wasanka ya yi bayan ƙiftawar ido biyu, an riga an ƙwace. A ɗauke wuta minti na 80 kana ci biyu da nema, kafin a tayar da janareto an rubuta maka an cinye ka. Wanda ke da na'urar intanet a gida ya ja waya daga ita zuwa gem ɗin, ya fi Wi-Fi nesa ba kusa ba. Wanda ke jona wa daga wayarsa kuma ya nemi tsakar dare ko bayan asuba.

A intanet ɗin nan ne kuma za ka haɗu da halin mutane, wanda shi ne ainihin abin da na zaunar da yaron nan don in faɗa masa. A gidan gem akwai doka ko ba a rubuta ba. Wanda aka ci ya biya, ko ya miƙa hannu ga na layi. Za a yi maka tsiya, a yi maka waƙa, a tuna maka biyar ɗin da aka zura maka har sati ya zagayo, amma wanda ya ci ka yana zaune cinyarsa na gogar taka. Ya san yayanka, ka san babansa. Idan ya wuce iyaka, mai shago zai ce, "Kai, ya isa haka," kuma ya isa ɗin. Kunya na aiki.

Wanda ka haɗu da shi a intanet ba ya ganin idonka. Ya ci ɗaya a minti na 10, sai ya koma yana juya ƙwallo tsakanin gola da 'yan bayansa har a tashi. Ya ci, sai ya ƙi danna wucewa, ya sa ka kalli rawar murnarsa da maimaicin ƙwallon daga kowace kusurwa. Ka samu fenariti, ya dakatar da wasa don ya huce maka hannu. Ka fara cin sa, ya kashe ya gudu. A gasar ƙarshen mako ta Ultimate Team, wadda suke kira Champions, an daɗe ana kuka da masu fita daga wasa ana kunnen doki, don kawai kada ɗayan ya samu nasara, su ba su ci ba, kai ma ba ka ci ba. Har sai da EA ya cire wasu salon murna a FIFA 21, ciki har da na ɗora yatsa a baki, saboda yadda ake tsokanar mutane da su. Bayan wasa kuma saƙo ya biyo ka. Duk baƙar fatar da ya daɗe a wannan fage ya san irin kalmar da ake fara jifa da ita. A 2020 wani matashi ɗan Ireland ya sha kashi a FIFA yana amfani da katin Ian Wright, sai ya bi tsohon ɗan wasan Arsenal ɗin na gaske a Instagram da zagin launin fata. Maganar ta kai kotu, EA kuma ya haramta masa gem ɗinsa har abada.

Wanne ya fi dama a wannan? A abin da na gani, zafin ya fi yawa a FC, kuma dalilin a bayyane yake. Ladan da ake samu ya rataya ne a kan yawan nasara cikin ƙayyadaddun wasanni da ƙayyadadden lokaci, mutum ya zuba kuɗi, ya hana kansa barci, don haka kowace ƙwallo ji yake kamar daga aljihunsa aka zare ta. eFootball ma yana da masu ɓata lokaci da masu gudu, da masu tara Epic goma sha ɗaya su yi ta cilla dogayen ƙwallaye, amma matsin bai kai wancan ba, kuma abubuwan da ake ci ta hanyar karawa da kwamfuta suna da yawa. A duka biyun za ka ji ana rantsuwa cewa gem ɗin ne ke juya wasa ya ba wanda ya ga dama. An taɓa kai EA ƙara a Kalifoniya a kan haka a 2020, masu ƙarar suka janye a 2021 bayan kamfanin ya buɗe musu bayanan injinsa. Ni dai na lura ba a cika tuna wannan zargi ba sai ranar da aka sha kashi, kuma sau da yawa sabis ne ya ci amanar mutum.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda halin ke bin yaro ya dawo gida. Na ga wanda ya saba da zagin baƙi a intanet ya zo ya yi wa ƙaninsa irinsa a tsakar gida a kan wasan da ba ko kwabo a ciki. Maganinsa mai sauƙi ne tun ba a yi nisa ba: a rufe saƙon waɗanda ba abokai ba a saitin PlayStation, a kai rahoton mai zagi maimakon a rama, kuma idan an ci ka uku a jere ka ajiye hannun ka tashi.

A waya kuwa ban ga abin dogon tunani ba. eFootball na waya kusan gem ɗin na'ura ne aka matse, da fasin da dabara da komai, shi ya sa ya cika wayoyin samari a majalisa da ɗakunan kwanan ɗalibai, ana haɗa gasa a WhatsApp ana tura lambar ɗaki. Yana son waya mai ɗan ƙarfi da wuri fiye da gigabait 2, kuma yana zafafa ƙaramar waya. FC Mobile wani gem ne dabam da na na'ura, ya fi karkata ga tara kati da ɗaga lamba. Mai buri ma ya sani cewa da hukumar FIFA ta rabu da EA, da Konami ta haɗa kai ta yi gasar FIFAe World Cup a Riyad a Disambar 2024, inda Indonesiya ta ɗauki kofin na'ura, ɗan Malesiya ya ɗauki na waya. Da waya a hannu aka ci kofin duniya.

Saboda haka tambayar da na mayar wa ɗan yayata ita ce: da wa za ka buga? Idan abokan karawarka a ɗaki ɗaya kuke, ko shago za ka buɗe, ko unguwarku sabis sai an hau katanga, nemi fefen FC, kuma ba dole sai na bana ba. Na bara yana faɗuwa warwas da zarar sabo ya fito, a Kick Off kuma bambancinsu bai taka kara ya karya ba, illa 'yan wasan da suka sauya ƙungiya. Masu gidajen gem da yawa ma har yau PES 2021 suke sakawa, a ɗora masa riguna da sunayen gaske ta filashi, kuma kwastomomi ba su ƙosa ba. Idan kai kaɗai ne, kana da sabis mai kyau, aljihu ba nauyi, kuma ƙwallon natsuwa kake so, sauke eFootball ka yi wa kanka alkawarin ba za ka sayi coins ba. Da katunan kyauta da GP, kuɗin cikin gem da kake samu ta buga wasa, za ka haɗa ƙungiyar da za ta kai ka nesa, sai dai ka san akwai matakin da masu kuɗi za su riƙa tare ka. Sabon FC a ranar fitowarsa, da PS Plus da Ultimate Team, na bar wa mai PS5, intanet ɗin gida, wutar sola, da zuciyar da za a yi mata rawa a fuska ba ta tashi ba.

Yaron ya yi shiru yana juya hannun gem ɗin, sannan ya ce, "Kawu, ni fa da su abokaina za mu riƙa yi bayan isha'i, kuma datar wata ba ta kai mini sati uku." Washegari ya samo fefen FC 25 na hannu a wajen wanda ya sayar masa da na'urar, ya sauke eFootball a wayarsa don zaman shago idan babu kwastoma. Da kaina na rufe masa saƙon baƙi, na tabbatar babu katin banki a asusun. A daren suka cika ɗakin zaure su shida, wanda aka ci ya miƙa hannu, har sai da yayata ta leƙo ta ce goma ta yi, kowa ya nufi gidansu.